Jawabin Tsohon Ɗan Dambe a Wajen Naɗin Sarkin Dambe a Bunkure

 

Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, Sarkin Fawa da jama'arsa, makaɗa, 'yan wasan Kudu da Arewa da Guramada, ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

An ce in yi magana don na fi kowa tsufa cikin waɗanda suka taɓa ɗaura zare a garin nan. Sai ku yi haƙuri da ni, rabin haƙorana na baro su a filayen wasa, magana ba ta fita yadda nake so.

Na shiga fili ina saurayi, lokacin dambe na hannun mahauta, ba a yin sa sai da kaka an kai amfanin gona gida. A tsakanin nan aka gama madatsar Tiga a 1974, aikin Audu Bako, daga baya ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da nan Bunkure. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ce in zauna mu kama noman rani. Na ce masa ni ba ni da rabo a taɓo. Abin da ban gaya masa ba shi ne, na ji waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago a rediyo, na ƙudurta a raina ni ma sai makaɗi ya kira sunana.

Aka kuwa kira. Na yi wasa a Kano da Zariya da Gusau da Sakkwato. Wanda bai taɓa tsayawa tsakiyar fili ba, dama a naɗe, hagu a miƙe tana garkuwa, kalangu na zuga shi, ƙura ta turnuƙe, ba zai san abin da ke hana mu zaman gida ba. Na yi kisa ba adadi. Baƙinmu kada su firgita, kisa a wurinmu shi ne ka sa guiwar abokin karawa ko hannunsa ya taɓa ƙasa. Kuɗin liƙi kuwa, kafin gari ya waye makaɗa da mai tsire da 'yan rakiya sun raba.

Ranar da na ajiye, wani yaro da na girme shi nesa ba kusa ba ya shimfiɗe ni tun a turmin farko. Kafin in miƙe, makaɗina ya juya ganga wajensa. Ban riƙe shi ba, sana'arsa ke nan. Na dawo gida da yatsu a karkace, aljihu wayam. Ƙanena ne ya yanka mini wani ɓangare na gonar da na raina, ya koya mini dashen shinkafa da renon tumatir ina da furfura. Kwandunan da na riƙa kaiwa kasuwar Kwanar Gafan su suka aurar da 'ya'yana.

Jikana mai karatu ya ce mini a Amurka 'yan wasan besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki, suna da fansho tun 1947. Na ce masa nawa fanshon daga Tiga yake gangarowa. Yau ana damben mota a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, ana yi a Dei-Dei, ana kallon yaranmu a waya har ƙasashen waje. Madalla. Amma wanda ya karye, har gobe 'yan'uwansa ne ke jinyarsa.

To, ɗana, sabon Sarki, ni na fara ɗaura maka zare, don haka zan roƙe ka a gaban Hakimi. Duk wasan da aka karɓi kuɗin ƙofa, a cire wani abu a ajiye wa wanda ya ji rauni. Kuma duk yaron da ya zo maka neman shiga fili, ka fara tambayarsa ina gonarsa, wa ke ba ta ruwa in ya tafi yawon wasa.

Ranka ya daɗe, a ba ni izini. Ga zaren da na yi wasana na ƙarshe da shi, tun ranar yana ƙarƙashin gadona. Matso, Sarki, miƙo hannunka na dama.

Allah ya taya ka riƙo.