Kalmomin Ingilishi Masu Rikitarwa a Aji da Ofis

Yawancin kurakuran da Bahaushe kan yi cikin Ingilishi suna da asali, kuma asalin nan yana cikin Hausa. A ɗauki borrow da lend. A Hausa saiwa ɗaya ce ke ɗaukar ma'anonin biyu: a kan ce Audu ya ari littafi, a kan kuma ce Audu ya ara wa Bala littafi. Turawa kuwa sun raba su, mai karɓa shi ke yin borrow, mai bayarwa shi ke yin lend. Saboda haka ɗalibin da ya ce borrow me your pen ya yi tunani ne da Hausa, ya furta da Ingilishi. Haka kalmar ji take, domin Bahaushe yana jin magana, yana jin wari, yana jin sanyi, alhali Bature yana da hear da smell da feel.

A ofis abin ya fi nauyi, tun da abin da aka rubuta a takarda ba ya gogewa. Akawun da ya nemi kuɗin sayen stationary ya nemi abin da ke tsaye wuri ɗaya, takardu da tawada kuwa su ne stationery. Advice suna ne, advise aikatau, kuma haka practice da practise suke a rubutun Ingila, ko da yake Amurkawa sun haɗe waɗannan biyun na ƙarshe a kan practice.

Wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce severally. A Nijeriya ana nufin sau da yawa da ita, har ƙamusun Oxford ya shigar da wannan ma'ana a shekarar 2020. Amma a harshen shari'a ma'anarta kowa shi kaɗai. Idan mutum uku suka sa hannu a takardar rance wadda ta ce jointly and severally, to mai bin bashi yana da ikon ya nemi kuɗinsa gaba ɗaya daga mutum guda cikinsu, ko da sauran biyun sun tsere. Ma'aikacin da ya tsaya wa abokinsa a banki yana zaton batun biya sau da yawa ake yi, albashinsa ya jingina bai sani ba.