Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Duba Majinyaci Daga Nesa



Maganar da na kawo muku yau ta shafi ɗakin nan na asibiti inda a kan kwantar da wanda ciwo ya tsananta gare shi, watau ɗakin kulawa ta musamman. Asalinsa daga ƙasar Denmak ne. Cikin shekarar 1952 shan inna ya auka wa birnin Kofanhagen, har ɗalibai suka riƙa tura wa majinyata iska da hannu dare da rana. A 1953 likita Bjorn Ibsen ya buɗe ɗaki irin wannan.

Ga yadda aikin ya ke. A kan liƙa wayoyi a ƙirjin majinyaci domin ƙidayar bugun zuciya, wanda ga baligi mai lafiya ya kan kama daga 60 zuwa 100 a minti guda. A kan maƙala wani ɗan ma'auni a yatsa, ya nuna yawan iskar oksijin cikin jini. In ta sauko ƙasa da kashi 90 cikin 100, akwai haɗari, sai na'urar ta yi ƙara.

To, cikin shekarar 2000 asibitocin Sentara na Norfok, a Amurka, suka fara aika waɗannan alƙaluma ta waya zuwa wani ɗaki dabam. Nan ƙwararren likita ya ke zaune gaban allo, yana duban gadaje masu yawa, ya gaya wa nas abin yi tun ciwo bai ci ƙarfi ba.

Mu Kanawa mun san amfanin wannan. A 2020, lokacin annobar korona, sai da aka mai da filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata wurin keɓe majinyata. Ga Asibitin Murtala, wanda a da a ke kira Asibitin Birni, ga kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da aka kafa a 1988, amma jama'a sun fi ƙarfin ƙwararrun likitoci.

Amma fa na'ura ba ta ba da magani. Tana bukatar lantarki marar yankewa, da intanet, da nas a bakin gado.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Na fari, ku hori dagatai da masu unguwanni a kai wanda numfashi ya yi wa wuya asibiti nan take. Na biyu, ku gargaɗi masu jinya kada su cire waya daga jikin majinyaci don tausayi. Na uku, malamai su rubuta haihuwa da mutuwa daidai, gama da wannan lissafi hukuma ta ke gane inda bukata ta fi yawa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.