Gida Ɗaya, Layuka Daban-daban: Jawabin Ma'ajiya a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka daure suka zo, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Kwamiti ya ce in yi magana a kan kuɗin waya. Wata za ta ce, ina ruwan ƙungiyar zubi da kati? Da ruwanta. A waya ake kiran mai ƙuli-ƙuli, a waya ake turo kuɗin ɗinki, a waya alat ɗin zubinmu yake shigowa. Kuma tun watan Janairun 2025, da hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, kowace uwa ta ji a jikinta. Shi ya sa tambaya ɗaya take ta dawowa: 'ya'yana sun warwatsu, wannan a Legas, wannan a Fatakwal, wannan ta yi aure a Maraɗi, lambobinsu ba iri ɗaya ba, za mu iya haɗa kai mu sayi data da kuɗin kira tare?

Za a iya. Amma sai mun gane abin da lambar take nufi.

Iyayenmu za su tuna zamanin wayar tangaraho ta NITEL. Kowane gari da lambarsa: Kano 064, Kaduna 062, Katsina 065, Legas 01. Lokacin, iya nisan gari iya tsadar kira. Da wayar salula ta shigo a 2001, wannan lissafi ya kau. Lambobin farko na layinki ba gari suke nunawa ba, kamfanin da ya fara sayar da layin suke nunawa: 0803 MTN, 0802 Airtel, 0805 Glo. Kiran ɗanki da ke Legas da kiran maƙwabciyarki ta bayan katanga, kuɗinsu ɗaya. Don haka in yaro zai tafi makaranta ko neman kuɗi a wata jiha, ba sai ya sayi sabon layi ba. Ya tafi da nasa.

Sai dai ko kamfanin ma, lambar ba ta faɗin gaskiya kullum. Tun 2013 aka ba mutum damar ya ƙaura daga wani kamfani zuwa wani da lambarsa a hannu. Kina iya ganin 0803, ashe mai ita ta daɗe da komawa Airtel. Wannan yana da muhimmanci, domin rabon data a cikin kamfani ɗaya ake yinsa. Datar MTN ba ta tsallakawa zuwa layin Glo. Kafin ku haɗa kuɗi, ku zauna ku tambayi kowa: yanzu wane kamfani kike? In gida ya yanke shawarar komawa kamfani ɗaya, a duba wanda sabis ɗinsa ke kamawa a inda kowa yake, musamman tsohuwa da ke ƙauye. Kuma a cinye kati da datar da ke kan layi kafin a ƙaura, don ba sa bin mutum.

To yaya ake haɗawar? Kamar adashi ne. Datar kwana ɗaya da muke yawan saya, in aka tara ta wata guda, ta fi babbar data ta wata tsada. Sai gida ya zaɓi mutum ɗaya, uwar adashi ke nan, kowa ya zuba mata nasa a farkon wata, ta sayi babba ta rarraba. Tun 2023 lambobin dannawa sun zama iri ɗaya a duk kamfanoni: *312# don sayen data, *321# don rabawa, *323# don duba abin da ya rage, *310# don duba kuɗin kira. Ku rubuta su a bangon littafin zubi. Akwai kuma tsarin da ake kira CUG, inda ake biyan wani abu duk wata, 'yan cikin rukunin su riƙa kiran juna ba tare da an cire musu kati ba. Babban gida, ko ma ƙungiya irin tamu, na iya zuwa ofishin kamfani a ji sharuɗɗansa.

Inda lamba take da haƙori shi ne lambar ƙasa. Najeriya +234, Nijar +227, Saudiyya +966. Daga Katsina, Maraɗi ta fi Legas kusa nesa ba kusa ba, amma kiran Maraɗi kiran ƙasar waje ne. Datar da kika saya a nan ba za ta shiga layin Nijar ba, ko da sunan kamfanin ɗaya ne. Ga 'yarki da ke can, ku sa lokaci ku riƙa gaisawa ta WhatsApp, kowa da datarsa. Masu zuwa kasuwannin kan iyaka, irin su Jibiya, Illela da Maigatari, ku lura: waya kan kama sabis na ƙetare, a caje ki kuɗin baƙunta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a matsayina na mai riƙe muku kuɗi. Ku haɗa data, ku haɗa kati, amma kada ku haɗa layi. Tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Wanda sunansa ke kan rajista, shi ne mai layi a wurin kamfani. Da yawa daga cikinmu muna sana'a da layin da maigida, ko ɗa, ko ƙani ya yi wa rajista. Ranar da waya ta faɗi, ko aka rufe layin, ba ke za a saurara ba, sai shi. In yana Legas fa? In ya rasu fa? In zama ya ƙare fa, Allah Ya kiyaye? Asusunki na banki yana rataye da wannan layi, abokan cinikinki shi suka sani. Zanen aro ba ya rufe katara. Ba rashin yarda da kowa ba ne, kiyaye haƙƙi ne, kuma na san mazajenmu da ke zaune a nan za su taimaka.

Haka nan kada ki jefa layin banki a kwalla ki manta. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani, saƙon asusunki ya riƙa zuwa hannun baƙo. Lambar sirri kuwa ba ta cikin abin da ake rabawa, ko da uwar adashin datar ce ta tambaya. In kin kai kuka wurin kamfani ba a share miki hawaye ba, kira 622, layin koke na NCC, kyauta ne.

Roƙona ɗaya ne. Kafin zaman wata mai zuwa, kowace ta bincika sunan wa ke kan layin da ta ba sakatariya. Wadda ba nata ba ne, ta same ni bayan taro, mu sa ranar da za mu tafi ofis tare a gyara.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya ƙara mana zumunci.