Tafiyar Minti Shida: Masu Ciwon Huhu da Motsa Jiki a Birnin Doha

A birnin Doha, hedkwatar ƙasar Katar, akwai wani titi da ya bi bakin teku ya yi lanƙwasa kamar jinjirin wata, tsawonsa wajen kilomita 7. Da sanyin yamma a watan Janairu, mutane kan cika shi, wasu na sassarfa, wasu na tafe da iyalansu suna shan iska. Amma daga watan Yuni zuwa Satumba, da rana tsaka sai ka rantse an yi wa wurin shara. Zafi kan haura awo 45, ga gumi irin na bakin teku wanda ke sa ko lafiyayyen saurayi ya ji kamar an toshe masa hanci da auduga. Saboda haka ne ma gwamnatin ƙasar ta kafa doka a 2021, wadda ta hana yin aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. To, idan lafiyayye yana neman mafaka, ina ga dattijon da huhunsa ya riga ya raunana, wanda kuma likita ya ce masa maganinsa shi ne ya yi ta tafiya?

Mai sauraro zai iya mamakin wannan magana. A al'ada, in aka ga mutum yana haki, abin da akan ce masa shi ne ya zauna ya huta. Likitoci ma haka suka yi ta faɗa shekara da shekaru. Sai a wajen 1950 da 'yan kai wani likita a Jami'ar Kolambiya ta birnin New York, mai suna Alvan Barach, ya fara sa marasa lafiyarsa su riƙa tattaki suna shaƙar iskar oksijin. A 1969 kuma Dokta Thomas Petty na birnin Denver ya bayyana sakamakon wani shiri da ya haɗa motsa jiki da koyar da dabarun numfashi da ilmantar da majiyyaci game da cutarsa. Daga nan ne wannan fanni ya kafu.

Cutar da aka fi yin wannan shiri dominta ita ce wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD, watau toshewar hanyoyin iska na huhu wadda ba ta warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 cutar ta kashe mutum wajen miliyan 3 da rabi, ta zama ta huɗu cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya. A ƙasashe masu arziki taba sigari ce ke jawo fiye da kashi 70 cikin ɗari nata. A ƙasashe masu tasowa kuwa hayaƙin itace da gawayi a madafa yana da babban rabo. A ƙasashen Larabawa ga shisha, wadda samari da yawa ke ɗauka ba ta kai sigari lahani ba, alhali kuwa hayaƙi ne dai yake shiga ƙirji.

Yadda cutar ke kayar da mutum abin lura ne ƙwarai. Da farko yakan ji numfashinsa na sarƙewa in ya hau bene, sai ya daina hawa. Can kuma sai zuwa masallacin unguwa ya zame masa aiki, sai ya koma yin salla a gida. Yana ganin kamar yana tattalin ƙarfinsa ne, bai sani ba naman cinyoyinsa yana ta zubewa saboda rashin amfani da shi. Shi kuwa naman jikin da ya yi rauni, ɗan aiki kaɗan yake yi ya gaji, ya tara tsami, ya aika wa huhu neman ƙarin iska fiye da yadda lafiyayyen nama zai nema. Sai hakin ya ƙaru, mutum ya ƙara zama, naman ya ƙara zubewa. Haka abin zai yi ta kewayawa har a wayi gari daga gado zuwa banɗaki ya zama tafiya mai nisa. Tsoro kuma yana shiga ciki, domin duk wanda ya taɓa jin numfashinsa ya ɗauke ba ya son ya sake kusantar abin da ya jawo masa.

Motsa jikin ba ya mayar da huhun da ya lalace sabo, kuma likitan kirki ba ya yi wa kowa wannan alkawari. Misalinsa kamar rijiya ce da ruwanta ya ja baya, ga shi kuma gugan duk huji. Ba mai iya ƙara wa rijiyar ruwa, amma in aka ɗinke gugan, ɗan abin da aka ɗebo zai iso baki. Ƙafafun da aka horar sukan yi aiki mai yawa da iska kaɗan. Galibi shirin kan ɗauki mako 6 zuwa 8, ana zuwa sau biyu a mako. Akan yi tattaki, ko tuƙa keken da ke kafe wuri ɗaya, da ɗaga ƙarafa marasa nauyi, da tashi da zama daga kujera. Akan koya wa mutum ya shaƙi iska ta hanci, ya fitar a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura koko, domin iskar da ta maƙale a huhu ta samu fita. Akan kuma nuna masa yadda ake amfani da abin shaƙar magani daidai, da yadda zai fitar da majina, da alamun da in ya gani zai garzaya asibiti.

Kafin a fara, da kuma bayan an gama, akan yi wani gwaji mai sauƙi. Akan sami baranda mai tsawon mita 30, a ce wa majiyyaci ya yi ta kai da kawowa har minti shida, ya tsaya ya huta in ya ga dama, sa'an nan a auna nisan da ya ci. Masana sun yarda cewa ƙarin mita 30 ko kusa da haka shi ne abin da mutum kan ji a jikinsa. Ga mai lafiya wannan ba kome ba ne. Ga mai wannan cuta kuwa yana iya zama bambancin yin sallar Magariba a ɗaki da yin ta cikin jam'i.

Hujjar amfanin shirin ta yi ƙarfi ainun. A 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitoci tana tacewa, ta duba gwaje-gwaje 65 da aka yi a kan mutum 3,822, ta ga shirin yana rage haki da gajiya, yana kuma kyautata zaman mutum. Har editocinta suka ce sun rufe wannan babi, ba sauran buƙatar a sake gwada ko yana aiki. Duk da haka, wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya bi sawun tsofaffi 197,376 da aka sallama daga asibiti bayan cutar ta tasar musu, ya tarar kashi 1.5 cikin ɗari kaɗai suka fara shirin cikin kwana 90. Cikin waɗanda suka fara, kashi 7.3 ne suka rasu a shekarar, cikin sauran kuwa kashi 19.6. Gaskiya ne mai yiwuwa waɗanda suka je tun asali sun ɗan fi ƙarfi, amma ko bayan masu binciken sun yi la'akari da wannan, ratar ba ta ɓace ba. Da ƙwaya ce ke da irin wannan tasiri, da tuni kamfanoni sun cika duniya da tallarta.

Katar ba ta rasa gine-gine ba. Hukumar asibitocin Hamad, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da manyan asibitocin gwamnati. A ƙarshen 2016 ta buɗe wata cibiya ta musamman a Doha domin farfaɗo da marasa lafiya, mai gado 193, da ɗakunan motsa jiki da wuraren gashi cikin ruwa. Hukumar tana da cibiyar taimaka wa masu son barin taba. Wasu ƙananan asibitocin unguwa, irin na Leabaib da Rawdat Al Khail, an haɗa musu ɗakin motsa jiki da wurin iyo. Tun 2012 ƙasar ke hutun aiki a ranar Talata ta biyu ta watan Fabrairu domin wasanni. A 2022 kuma aka buɗe lambun Umm Al Seneem, inda aka shimfiɗa hanyar tattaki mai tsawon mita 1,143 wadda na'ura ke busa mata sanyi, ko da yake a fili take. Manyan kantuna masu na'urar sanyaya ɗaki su ma sun zama wurin tattakin jama'a da bazara.

Amma kasancewar gini dabam, isar mai haki cikinsa dabam. Abu na farko shi ne sai likita ya tura mutum, likitoci da yawa kuwa a ko'ina cikin duniya sun fi saurin rubuta magani da su zauna su shawo kan majiyyaci ya yarda da abin da yake tsoro. Na biyu ga iska. Ban da zafi, akwai guguwar arewa da Larabawa ke kira shamal, wadda kan taso da ƙura daga wajen Iraki ta turnuƙe gari, kamar dai hazon hunturu a Kano ko Maraɗi. Ranar da ta taso, mai ciwon huhu ba shi da ikon leƙa waje. Dattijuwa kuma sau da yawa sai ta jira ɗa ko direba ya kai ta, kuma ba za ta sake jiki ba sai a ajin mata zalla.

Babbar matsalar dai tana ga baƙi. Mutanen da ke zaune a Katar sun kai wajen miliyan 3, amma 'yan ƙasa ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas ba ko ƙasa da haka. Sauran ma'aikata ne daga Indiya, Nepal, Bangaladash, Filifin, Masar da ƙasashen Afirka. Katin asibitin gwamnati riyal 100 ne ga baƙo mazaunin ƙasa, wata doka ta 2021 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci nauyin yi masa inshorar lafiya. A 2018 an buɗe asibitin Hazm Mebaireek a unguwar masana'antu, kusa da masaukin leburori. To, amma ganin likita sau ɗaya ba daidai yake da zuwa sau 16 cikin wata biyu ba. Dokar ƙwadago ta tsayar da awa 48 a mako, Jumma'a ce ranar hutu. Mutumin da mafi ƙarancin albashinsa riyal 1,000 ne a wata, wanda kuma iyali ke jiran saƙonsa a gida, da wuya ya je gaban shugaban aikinsa sau biyu kowane mako yana neman izini, balle ya bayyana cewa ƙirjinsa ya fara gazawa. Har wa yau, wannan cuta ba ta cika bayyana ba sai mutum ya haura shekara 40, izinin zaman baƙo kuwa yana rataye ne da aikinsa. Wanda ya sha ƙurar siminti da ta dutse shekara goma sha, mai yiwuwa ne sai ya koma ƙauyensu hakin zai kama shi sosai, a inda ba wanda ya taɓa jin labarin wannan shiri.

Saboda irin waɗannan dalilai ne masana suka fara neman kai shirin inda mutum yake. A birnin Melbourne na Ostareliya, Farfesa Anne Holland da abokan aikinta sun gwada mutum 166, suka bayyana sakamakon a 2017. Rabi sun riƙa zuwa asibiti, rabi kuma aka ziyarce su a gida sau ɗaya, sa'an nan aka riƙa buga musu waya sau ɗaya a mako har mako bakwai. A ƙarshen shirin, na gida ba su gaza na asibiti ba. Sai dai bayan shekara guda duka ɓangarorin biyu sun zubar da yawancin abin da suka samu, domin da an daina motsawa jiki yakan koma gidan jiya. Ga birni irin Doha, inda kusan kowane lebura ke da waya a aljihu, wannan hanya tana da ma'ana, muddin za a sami mai yin magana da shi cikin harshen da yake ji. A watan Mayu na 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan farfaɗo da marasa lafiya, yana kira ga ƙasashe su sa shi cikin aikin ƙananan asibitoci.

A nahiyar Afirka ma an gwada. A asibitin Mulago na birnin Kamfala, likitocin Jami'ar Makerere tare da takwarorinsu na Ingila sun shirya irin wannan aji na mako 6 domin mutanen da suka warke daga tarin fuka amma ya bar musu tabo a huhu, irin waɗanda ke da yawa a asibitocin Kano da Zariya da Sakkwato. Yawancinsu ba tsofaffi ba ne, masu ƙarfin neman abinci ne da haki ya zaunar. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba, ma'aikatan sashen gashi na asibitin ne kuma suka gudanar da shi. Rahoton da aka buga a 2017 ya nuna nisan tafiyarsu ya ƙaru, ciwon ƙirjin da da yawansu ke kuka da shi kuma ya ragu.