Koya wa Ƙaramin Harshen Kwamfuta Zance da Saurare



Aikina nazarin harshen Hausa ne, amma yau a kan wani harshe na daban zan yi magana, wato irin wanda ake ba kwamfuta umarni da shi. Misalin da na ɗauka shi ne Lua, ƙaramin harshe da aka ƙirƙira a Brazil a shekarar 1993. Tambayar ita ce: me yake bukata kafin ya iya zance kai tsaye da burauza, manhajar da muke buɗe shafukan intanet da ita?

A tsarin farko, burauza ce ke tambaya, babbar kwamfutar da ke ajiye shafuka ta ba da amsa, shi ke nan magana ta ƙare. Ko da sabon labari ya zo, babbar kwamfutar ba ta da ikon faɗa sai an sake tambayarta. A watan Disamba na 2011 hukumar IETF ta fitar da ƙa'idar WebSocket, wadda ta bar hanya a buɗe, kowane ɓangare ya yi magana sa'ad da ya ga dama. Harshen da zai bi wannan ƙa'ida sai ya iya abubuwa 3.

Na farko shi ne sallama. Burauza takan aiko da wani mabuɗi, a sarrafa shi da lissafin SHA-1, a mayar mata tare da lamba 101, alamar an yarda a sauya salon zance. In amsar ta kuskure, ba za ta shigo ba.

Na biyu shi ne jira. Mai shiri ba zai tsaya sauraren mutum ɗaya ya bar ɗari a bakin ƙofa ba. Tun 2003 Lua ke da dabarar dakatar da aiki a koma wani, sannan a dawo inda aka tsaya, kuma da ita ake kula da masu zance da yawa.

Na uku shi ne ƙirga, kuma a nan ne maganar ta shafe mu. Kowane saƙo yana ɗauke da adadin tsawonsa, ana kuwa auna shi da bayit. A tsarin UTF-8, wanda ƙa'idar ta wajabta wa rubutu, harafi kamar a ko s bayit 1 ne, amma ƙ da ɗ da ɓ kowannensu bayit 2 ne. Kalmar "ƙasa" haruffa 4 ce, bayit 5. Wanda ya ƙirga haruffa ya rubuta 4, to "ƙas" za ta isa, harafin da ya rage kuma a ɗauke shi a matsayin farkon saƙo na gaba, zancen duka ya rikice. Mai gwaji da Turanci kaɗai zai daɗe bai ga wannan kuskure ba.

Saboda haka nake roƙon ɗalibanmu masu wannan aiki, duk wanda ya gama shirinsa, kafin ya ce ya yi, ya aika jimla guda ta Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, ya ga yadda za ta isa.