A ZAUNA DA YARA KAFIN A BUƊE RUMBU

Wannan shi ne jawabin da Editanmu ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, a garin Maruta ta Ƙaramar Hukumar Gwaram, bayan an gama kaka. Mun buga shi don waɗanda ba su sami zuwa ba.

Allah ya sa mun ga amfanin abin da muka noma.

Yau ba baƙi da wasali na zo mu yi ba. Magana na kawo a kan 'ya'yanmu masu tasowa, 'yan shekara 13 zuwa 19. Duk inda na je, daga Birnin Kudu har nan ƙasar Gwaram, kuka ɗaya nake ji a bakin iyaye. Yaro ya ƙi gona. An wayi gari ya ɗauki jaka ya tafi Kano ko Abuja ko Legas, ko sallama babu. Yarinya ta bar makaranta a aji biyu na sakandare. Da ka tambayi uba sai ya ce yaran zamani ne. Ni kuwa na kan tambayi yaran su ma. Abin da suka fi faɗa mini shi ne, suna shan wahalar noma, amma ba su san inda amfanin yake tafiya ba.

Bari in ba ku labarin kaina. Ina ɗan shekara 15 na yi kiwon rago. Ni ne yankan ciyawa, ni ne neman dusa, ni ne wanka. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da turke babu komai. Mahaifina ya kai shi kasuwa. Bai ce mini uffan ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Daga ranar na rantse ba na sake kiwo, kuma ban sake ba. Sai bayan rasuwarsa mahaifiyata ta gaya mini cewa da kuɗin ragon aka biya mini kuɗin jarrabawa. Kun ji fa. Abin alheri ya yi mini, amma na yi shekaru ina riƙe da shi a zuci. Da ya kira ni ya faɗa mini, da ni da kaina zan ja ragon nan zuwa kasuwa. Allah ya jiƙansa.

Dattawan da ke nan sun san gandu. A da, uba da 'ya'yansa suna noma gona guda. Amma kowa ya san haƙƙinsa. Maigida shi ne da ciyarwa, da kayan aiki, da biyan haraji, da yi wa saurayi auren fari. Shi kuma saurayi ana yanka masa gayauna. Ya yi aikin gandu da safe, da yamma ya shiga tasa. Abin da ya samu a gayauna nasa ne, ba mai taɓa masa. Ashe kakanninmu sun daɗe da sanin cewa yaro ba ya daɗewa a aikin da ba ya ganin rabonsa a ciki.

Yau abubuwa sun sake. Haraji dai Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi tun 1979, muna cikin tsohuwar Jihar Kano, kafin a ba mu Jigawa a 1991. Gonaki sun tsuke saboda rabon gado. Buƙatun yaro kuma sun ƙaru: ga takalmi, ga littafi, ga wayar hannu. Gidaje da yawa sun riƙe aikin gandu, sun saki gayauna. Nan ne igiyar ta tsinke.

To, me za mu yi? Shawarata ita ce, kafin a fara ɗibar hatsi ana kai wa kasuwa, maigida ya tara iyalinsa a tsakar gida bayan sallar isha. Uwargida da amarya su zauna. Samari da 'yan mata su zauna. A kawo littafin rubutu da biro.

Na san abin da wasu ke cewa a ransu. Yaya zan zauna ina shawara da ɗan da na haifa? Balle ɗan fari, wanda ko sunansa ba a faɗa saboda kunya. Kunya abu ne mai kyau, ban ce a yar da ita ba. In nauyi ya hana ka, ka kira ƙanenka ko kawun yaran, ko kakarsu, su zama bakinka. Amma ku tuna, a cikin Alƙur'ani akwai sura guda da ake kira Shura, wato shawara. Kuma malamanmu suna karanta mana yadda Annabi Ibrahim, alaihis salam, da aka umarce shi da yanka ɗansa, sai da ya gaya wa yaron, ya nemi jin ra'ayinsa. In an yi shawara da yaro a kan abu mai girma irin wannan, ina ga maganar buhun riɗi?

Abin da za a fara yi a zaman nan shi ne lissafin abinci. A nan karatun da kuke yi zai yi muku rana. A fara fitar da zakka in amfanin ya kai nisabi: ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka yi ban ruwa da wahala. Sannan a duba cin gida. A ce gidanka ana cin tiya 2 kullum. Shekara kwana 365 ce, kun ga tiya 730 ke nan. Buhu yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka. Ashe gidan nan yana buƙatar buhu 18 da ɗan ɗoriya kafin wata kakar. Ka ba yaron da ke sakandare biro ya buga wannan lissafi da hannunsa a gaban kowa. Yaron da ya ga buhu 18 a rubuce, ya ƙirga abin da ke rumbu, ba zai ƙara cewa babansa rowa yake yi ba. A ware iri. Abin da ya saura shi ne za a yi magana a kansa.

Daga nan sai a zaɓi abu ɗaya da gida zai sa a gaba bana. Ɗaya na ce, ba biyar ba. Mai bin zomo biyu ba ya kama ko ɗaya. Wani gida rufin kwano ne damuwarsu, don ɗaki yana yoyo. Wani gida shanun huɗa suke so. Wani kuwa yaro ne zai rubuta jarrabawar WAEC ko NECO. Ku bar yara su fara magana, ƙarami kafin babba, domin in maigida ya riga ya faɗi nasa, ba mai ƙara tofawa. Za ku ji abin da ba ku zata ba. Wataƙila saurayin da kuke cewa malalaci ne, injin ban ruwa yake mafarki, don ya yi noman rani a fadama maimakon tafiya cin rani.

In an tsayar da abu, a rubuta shi a shafin farko. A rubuta kuɗinsa, bayan an je an tambaya, ba ƙiyasi ba. In jarrabawa ce, a je wurin shugaban makaranta tun da wuri a ji abin da za a biya da lokacin biya. A rubuta watan da ake son a cim masa. Sannan a rubuta sunan kowa da abin da zai kawo. Wane zai kula da rago. Wance za ta kula da kaji. Uwar ɗaki za ta zuba adashi.

Sai kuma maganar da na fi so ku riƙe. A rubuta rabon yaro. In saurayi ya yi kiwon rago har Babbar Salla, a faɗa tun yanzu: kaza na gida ne, kaza nasa ne. In akwai hali, a yanka masa ko da kunya goma ce ya shuka riɗi ko zoɓo, abin da ya fito nasa. Kuma in an yi alkawari a cika. Uban da ya ci rabon ɗansa sau ɗaya, sai ya yi shekara uku yana lallashi.

Iyayena mata, kada ku ce wannan zancen maza ne. Ku kun riga mu sanin tanadi. Tun yarinya tana ƙarama kuke tara mata kwano da tasa don kayan ɗaki. Abin da nake roƙo shi ne ku sa karatunta cikin wannan tanadi. Dokar ilmi ta 2004 ta ce shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, mace da namiji. Amma kayan makaranta da littafi da sabulu ba sa faɗowa daga sama. Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar, kuma sau da yawa tagwaye take haifa. Akuya guda da aka ce ta wance ce, aka yi mata rigakafi wurin malamin dabbobi, tana iya ɗaukar wannan nauyi. Ya fi a ɗora wa yarinya faranti ta yini a tasha tana talla. Ku tambayi 'yarku me take so ta zama. Asibitocinmu suna neman ungozoma da ma'aikatan jinya mata, kuma ku ne kuke cewa kun fi son mace ta duba ku.

Ina za a ajiye abin da ake tarawa? Kun ga abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, yadda masu ajiya a ƙarƙashin katifa suka shiga uku. Kun kuma ga yadda kaya suka yi ta hawa bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Kuɗin da ya isa sayen kwanon rufi a kaka, kafin bazara sai ya kasa. Don haka in rufi ake so, a riƙa sayen kwano kaɗan kaɗan ana jinginewa a ɗaki. Ko a ajiye dukiyar a dabba, ko a wake. Wake yana araha a kaka, ya yi tsada in damina ta kusa. Matsalarsa ƙwari. Akwai buhun nan mai ninki uku, leda biyu a ciki, buhu a waje. In wake ya bushe sosai, aka ɗaure kowace leda dabam, iska ba ta shiga, ƙwari sai su mutu ba tare da an zuba magani ba. Wannan aiki ne da za a damƙa wa saurayi. Haka kuma wayar da ke hannunsa, maimakon kallon banza, ya buga ya ji farashi a kasuwar Sara ko Dawanau kafin a ɗora kaya a mota.

Kowane wata, in an ga jinjirin wata, a sake buɗe littafin. Yaro ya karanta da ƙarfi: ga abin da aka tara, ga abin da ya rage. In wani ya yi sakaci, a yi masa faɗa a keɓe, ba a gaban ƙannensa ba. In maigida ne ya taɓa kuɗin saboda wata larura, shi ma ya faɗa, a rubuta.

Ban ce kullum za a dace ba. Mun ga ambaliyar 2022 yadda ta cinye gonaki a Jigawa. Ciwo yana zuwa, dabba tana mutuwa. In haka ta faru, a zauna a rage buri, ko a ɗaga shi zuwa baɗi. Ɗaki biyu aka so rufewa, a rufe ɗaya.

Ga aikin gida. Ranar da za ku dawo aji, kowa ya zo da littafinsa. A shafin farko ina son layi uku: tiya nawa gidanku ke ci a rana, abin da kuka sa a gaba bana, da sunan yaron da ya taya ku rubutawa. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, malamin aji zai taimaka masa. In na sake zagayowa Maruta kafin faɗuwar ruwa, zan nemi ganin littattafan nan.