Jawabi Kan Masu Kamun Kaya Saboda Bashin Haraji A Ingila

Yau za mu yi muku bayanin halin talakan Ingila ran da masu kamun kaya suka tsaya masa a ƙofa.

Tun shekarar 1993 magidanta can suke biyan hukumar gari harajin gida. Wanda ya kasa biya, sai hukumar ta kai shi kotun majistare, sa'an nan ta turo masa waɗannan mutane. To, amma tun 2014 doka ta sa musu linzami. Tilas su aiko da takardar gargaɗi tukuna. Ba su da ikon zuwa daga ƙarfe 9 na dare har 6 na safe. Ba su da ikon fasa ƙofar gida saboda wannan bashi, ko shiga inda yara kaɗai suke. Tufafi, da gado, da murhu, da kayan sana'a waɗanda kuɗinsu bai wuce fam 1,350 ba, duk an hana su taɓawa. Amma fa mota in tana waje suna iya kama ta.

Saboda haka shawararmu ita ce mutum ya kulle ƙofarsa, ya yi magana ta taga, ya nemi shaidar aikinsu. Ya roƙi a yanka masa biya kaɗan-kaɗan, abin da ya bayar kuwa ya karɓi rasit. Kada ya ɓuya, gama zuwansu ƙara bashin yake yi, mai ƙin biya da gangan kuwa ana iya ɗaure shi har wata 3.

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. Talakan da ya san doka ba a yi masa kamun kazar kuku.